Gurbin Ido

Gurbin ido ba ido ba ne. Haka Bahaushe ya yanke maganar, bai ƙara mata komai ba, kuma duk wanda ya taɓa duban fuskar mutumin da ya rasa ido ɗaya ya san abin da ake nufi. Ramin yana nan, girar tana nan, fatar ma takan motsa idan ɗayan ya ƙifta, amma abin da aka yi wurin dominsa ya tafi. Abin da ya hana kalmar gurbi sakina shi ne ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Kullum sai an jingina ta: gurbin kaza, gurbin dara, gurbin ido, gurbin wane. Rami rami ne ko ba wanda ya taɓa shigarsa. Gurbi kuwa sai da mai shi, ko wanda ya tashi, ko wanda ake jira.

Kaza ta fi kowa sanin kalmar. Takan murza ƙirjinta a ƙasa mai laushi a gindin rumbu har wurin ya ɗauki siffarta, ta saka ƙwai, ta kwanta. Ranar da ta tashi da 'yan tsakinta wurin ba ya komawa ƙasa kawai, yaro ma in ya gani zai ce ga inda kaza ta yi kwanci. 'Yan dara kuma su suka fi kowa sanin amfaninta. Gurabe 30 suke tonawa, kowane ɓangare ya zuba 'ya'ya 12, shida su rage wayam. Waɗannan shidan su ne wasan. Da za a cike su duka, ba ɗan da zai motsa, sai dai a tashi a kakkaɓe riga.

Sai boko ya zo ya kai kalmar ofis. Yanzu ana neman gurbin karatu a jami'a, ana tallar guraben aiki a jarida, in ɗan majalisa ya rasu hukuma ta sa ranar zaɓen cike gurbi. A can aka haifi jimlar nan da ba ta ɓacewa a ta'aziyyar manya, wai marigayin ya bar gurbin da zai yi wuyar cikewa. Ba a cika jin ta a kan tabarmar zaman makoki ba, inda magana ba ta wuce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Maganar takarda ce. Mai karanta ta a rediyo ya sani, masu saurare ma sun sani, kafin sadakar bakwai an fara kamun ƙafa, kafin ta arba'in wani ya hau kujerar. Ba na ganin laifin kowa a nan, sarki goma zamani goma. Abin tambaya dai shi ne, ina ake ajiye wanda ya tashi, tunda wurinsa ya zama na wani?

Tambayar ta kai ni nesa da gida, har ɗakunan taron ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga na jami'o'in Ingila. Zari-ruga, ga wanda bai saba kallonsa ba, wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da wata ƙwallo mai tsawo da ake runguma a ruga da ita, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mai ita kafin ya dangwara ta a bayan layinsu. Takwas na gaba su ne ƙarfafa, masu haɗa kafaɗa su sunkuya su yi ture da takwas na wancan ɓangare. Bakwai na baya su ne masu gudu. Lambar da ke bayan riga kuwa ta gurbi ce. A ƙwallon ƙafa gwani kan tafi da lambarsa duk kulob ɗin da ya koma, har ta zame masa suna. A nan mai lamba 9 shi ne wanda ke tsaye a gindin turen yana ciro ƙwallo, ko wane ne shi, 11 da 14 'yan gefe ne, 15 mai tsaron baya. Ranar da aka sauya maka wuri sai ka tuɓe ka miƙa wa wani.

To, a haɗa wannan da halin jami'a. Ɗalibi shekara uku yake yi ko huɗu, wani ma ɗaya tak in ƙarin karatu ya kawo shi. An kafa ƙungiyar Jami'ar Oxford a 1869, ta fara karawa da ta Cambridge a 1872, lokacin ana zuba mutum ashirin-ashirin. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, Oxford cikin shuɗi mai duhu, Cambridge cikin shuɗi mai haske, kuma tun 1921 aka mai da shi zuwa filin Twickenham na Landan, inda ya shafe kusan ƙarni guda. Duk wanda ya buga wannan karawa ko sau ɗaya sai a ce da shi Blue, wato ya sami shuɗi, laƙabin da zai bi shi har cikin sanarwar rasuwarsa. Ƙungiya ce ke nan da ke rabuwa da kusan dukan 'ya'yanta duk bayan 'yan shekaru, ba tare da kowa ya mutu ba. Cike gurbi shi ne sana'arta. Kowace kaka sababbin fuskoki, a ciro riguna daga akwati, a rarraba.

Wataƙila shi ya sa suke da son allo. Shiga ɗakin kowace tsohuwar ƙungiya, za ka tarar da allunan katako a bango da sunaye cikin ruwan zinare, da hotunan samari a jere, na gaba a zaune sun harɗe hannu, kyaftin a tsakiya da ƙwallo a cinya an rubuta shekarar a jikinta. Allon kyaftin-kyaftin, kowane suna yana ture na samansa. Allo ɗaya ne kawai suna ba ya ture suna a kansa, shi ne na mamata. A can ba a cewa wane ya maye wane. Ana dai ƙara layi.

Akwai wata doka ta wasan da na so a ce ba a taɓa ta ba, ko da yake na san likitoci ba za su yarda da ni ba, kuma su ke da gaskiya. Har zuwa 1968 babu canjin ɗan wasa a karawar ƙasa da ƙasa. In mutum ya karye aka fitar da shi, shi ke nan, saura su ci gaba su 14. Sai a zare ɗaya daga cikin na gaba a tura shi ya tsare gefe, bakwai su yi turen takwas, kowa a filin yana ganin inda ba kowa. Mutumin farko da ya shiga a madadin wani a irin wannan wasa shi ne Mike Gibson, ɗan Ireland, tsohon ɗan wasan Cambridge, wanda ya canji Barry John a Pretoria a shekarar, lokacin da tawagar Birtaniya ta kai ziyara Afirka ta Kudu. Mutanen da zan ambata nan gaba, yawancinsu a ƙarƙashin tsohuwar dokar suka yi wasa. Sun saba da ganin gurbi a bar shi buɗe har alƙali ya busa.

Ronald Poulton shi ne sunan da Oxford ta fi kira. Ɗan wani farfesan ilmin dabbobi ne a jami'ar, an haife shi a 1889, ya yi karatu a kwalejin Balliol. A karawar 1909 shi kaɗai ya kai ƙwallo gida sau biyar, Oxford ta lallasa Cambridge da 35 da 3, kuma har yau ba wanda ya kamo wannan adadi a karawar maza. Ya buga wa Ingila wasa 17. A 1914 shi ne kyaftin ɗinta lokacin da ta cinye duk wasanninta na gasar ƙasashe biyar, a na ƙarshe ma da Faransa ya ci huɗu. A wannan tsakani wani kawunsa, ɗaya daga cikin masu kamfanin biskit na Huntley & Palmers a garin Reading, ya rasu ya bar masa dukiya bisa sharaɗin ya ɗauki sunan Palmer. Ya ɗauka. Shi ma ke nan an kira shi ya cike gurbin wani, har da sauya suna, ya fara koyon aikin masana'anta daga ƙasa. Bayan watanni kaɗan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ya tafi a matsayin laftanar a rundunar Royal Berkshire. Daren 5 ga Mayu 1915, yana duba gyaran ramin fako kusa da dajin Ploegsteert a Beljiyam, wani maharbi daga ɓoye ya same shi. Shekararsa 25.

Ana yawan ba da labarin cewa maganarsa ta ƙarshe kukan rabuwa da filin Twickenham ce. Ni ban gaskata ba. Irin maganar da masu rai ke sa wa mamaci a baki ce, don ta yi daidai da gurbin da suka tona masa. Mahaifinsa ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarsa, ya fito a 1919, kuma mutumin da ke ciki ya fi ɗan wasa faɗi: saurayi ne da ke ɓata maraicensa a kulob ɗin yaran talakawa, mai damuwa da halin ma'aikata, a zamanin da shugabannin wasan ke korar duk wanda aka kama ya karɓi ko kwabo don ya bar aikin yini ya zo fili. Wannan rigima ce ta raba wasan gida biyu tun 1895, ba a kuma halatta biyan 'yan wasa ba sai 1995. Allo ba shi da wurin wannan duka. Suna, shekara, wataƙila kwaleji. Da aka zo cika ƙarni da yaƙin, an ɗebi ƙasar Twickenham an kai kabarinsa a Beljiyam, abin da ke nuna labarin maganar ƙarshen ya riga ya fi ƙarfin masu musunsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. 'Yan wasan ƙasar Ingila 27 ne suka mutu a wancan yaƙi, a karawar 2014 kuma jami'o'in biyu sun tuna da masu shuɗi 55 da ba su dawo ba.

A nan wata kalmar ke ratsowa, ba yadda zan yi in kauce mata. Marigayi. Mun saba da ita har mun daina jin abin da ke cikinta, alhali ba ta ce mutum ya ƙare ba, ba ta ce ya ɓace ba. Cewa ta yi ya rigaya. Ya riga mu gidan gaskiya, wato hanya ɗaya ce, shi yana gaba muna baya. Zari-ruga kuwa yana da doka guda wadda duk sauran ke rataye a jikinta: ba a jefa ƙwallo gaba da hannu. Mai ƙwallo shi ne kan gaba, duk abokin da ya wuce shi ba ya cikin wasa sai ya komo. In zai miƙa, sai dai ga wanda ke bayansa ko kafaɗa da shi. 'Yan tsere da 'yan siyasa suna son kirarin nan na na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A wannan wasa na gaba dole ya waiwayo, don ya san za a kayar da shi, tambayar kawai ita ce ko ya saki ƙwallon kafin ya kai ƙasa. Masu koyar da yara wasan sukan shafe makonni a kan wannan kaɗai, yadda za ka yi gudu gaba hannunka na neman baya. Ga kuma Hausa da tsokana: riga ta sawa da riga ta wucewa gaba, rubutunsu ɗaya, murya ce ta raba su. Mutuwa rigar kowa, in ji masu iya magana.

Bayan Poulton sai Alexander Obolensky, ɗan gidan sarautar Rasha da aka haifa a Petrograd a 1916, iyayensa suka gudo da shi Ingila bayan juyin juya hali. Yana ɗalibi a kwalejin Brasenose, bai ma sami takardar zama ɗan ƙasa ba tukuna, aka sa shi a gefen dama ranar 4 ga Janairu 1936, Ingila da New Zealand. Ya ci biyu. Na biyun ya ɗauko shi daga dama ya ratsa filin a karkace har kusurwar hagu, masu kare gida duk sun karkata ɗaya wajen. An tashi 13 da nema, karo na farko da Ingila ta taɓa doke New Zealand. Wasa uku ya ƙara yi wa Ingila, bai sake ci ba. Ranar 29 ga Maris 1940 jirgin yaƙinsa ƙirar Hurricane ya zarce ƙarshen titin sauka a Martlesham Heath lokacin atisaye, ya rasu yana da shekara 24. An binne shi a Ipswich, a 2009 aka kafa mutum-mutuminsa a garin. Abin da ya raya sunansa, in za a faɗi gaskiya, na'urar ɗaukar hoto ce. Masu labaran majigi suna filin ran nan, daƙiƙoƙin gudun suka tsira, ana ta maimaita su har yau. A wajenmu aikin makaɗa ne wannan. 'Yan dambe nawa aka yi a ƙasar Hausa masu hannu kamar na Shago? Shi ya sami Ɗan Anace.

Ba kullum yaƙi ba ne. A Oktoban 1996 Ian Tucker, ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 23, ya ji rauni a ka a wasan Oxford da kulob ɗin Saracens, ya rasu a asibiti, saura makonni a yi karawar da ya ƙetaro teku dominta. Wannan mutuwa ta fi sauran nauyi a kan ƙungiya, domin ba a iya ɗora ta a kan Jamus ko a kan injin jirgi. A filin ta faru, cikin rigar, a gurbin da wani zai tsaya ranar Asabar mai zuwa.

Sai dai in aka bi ta allon mamata da mutum-mutumi, sai a ɗauka 'yan zari-ruga duk a ƙuruciya suke mutuwa. Tunawa tana da son kai, ta fi son wanda ya tafi da sauran gashinsa baƙi. Mafi yawan sunayen da sakataren tsofaffin ɗalibai ke tattarawa kowace shekara na dattawa ne 'yan saba'in da tamanin, likitoci, limaman coci, malaman makaranta, lauyoyi, waɗanda wata 'ya ko jika ta aiko da wasiƙa cewa Baba ya cika, kuma yana yawan zancen ƙungiyar. Da yawansu ba su taɓa samun shuɗi ba. A tawaga ta biyu suka ƙare, wadda Oxford ke kira Greyhounds, ko sun yi shekara uku suna ture a lamba 1 ko 3, inda ba a cin ƙwallo, ba a shiga jarida, sai kunne ya murɗe wuya ya kauri. Layi biyu ake rubuta musu. Abin da ke burge ni a layukan shi ne yadda suke mai da tsoho ɗan shekara ashirin. Mutum ya yi alƙalanci shekara talatin, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, amma a wannan takarda shi ne wanda ya tsare gefe a wata shekara da aka yi ruwa.

Wasu daga cikin dattawan nan kuwa kakanninmu sun san su, ta wata fuskar. Lokacin mulkin mallaka, masu ɗaukar ma'aikatan da za a turo Afirka suna matuƙar son samarin Oxford da Cambridge da suka yi fice a wasanni, a ganinsu wanda ya jure ture da faɗuwa zai jure rangadi a kan doki, wanda ya yi kyaftin zai iya da jama'a. A Sudan abin ya yi yawa har ya zama abin barkwanci, ana cewa masu shuɗi ke mulkin ƙasar. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a Adamawa, ya koyar a Zariya, ya kuma tattara karin magana a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne, ya yi rubutu a kan wannan alaƙa ta filin wasa da ofishin mulki. Saboda haka mutum guda yana iya samun gurbi biyu da ba su san juna ba. A Iffley Road, filin Oxford, saurayi ne mai sauri da fara'a. A wani gari na Arewa, Bature ne da aka laƙaba wa suna saboda zafin ransa ko tsawon hancinsa, wanda zuwansa ke nufin ƙidayar haraji da jangali. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma ba na jin akwai allon da ya taɓa haɗa su.

Masu horarwa fa? A Oxford da Cambridge al'adar ta daɗe tana ba kyaftin wuƙa da nama, shi ke zaɓen 'yan wasa, koci baƙo ne da ya zo daga baya. Waɗanda suka riƙe ƙungiyoyin tsawon zamani wasu dattawa ne da ba su da takamaiman muƙami, masu tsayawa a bakin fili cikin sanyi shekara da shekaru. Yadda ake tuna su ya fi allo armashi: wasa ake sa wa sunansu. A Oxford akwai karawa da tawagar Manjo Stanley, a Cambridge akwai ta Steele-Bodger, inda ake gayyato gwanaye daga wurare daban-daban su gwada ɗaliban kafin babbar rana. Micky Steele-Bodger likitan dabbobi ne, ya buga wa Cambridge da Ingila, rauni a gwiwa ya tsayar da shi da wuri. Tun 1948 yake haɗa tawagarsa, bai fasa ba har ya rasu a 2019 yana da shekara 93. Ɗalibi ya zo ya tafi, shi yana nan, ya ga ɗa ya sa rigar da uba ya sa.

Amma in ana zancen kocin jami'a, Stellenbosch ta Afirka ta Kudu za a nufa. Mutum biyu suka riƙe ta kusan ƙarni guda. Na farko August Markötter, lauya, wanda ɗalibai ke kira Oubaas Mark, wato tsohon maigida. Ya fara a 1903, bai saki ba sai da ya rasu a 1957. An san shi da zafin baki, an kuma san shi da wata baiwa: ya dubi yaro yana wasa a wuri kaza ya ce ba nan ne wurinka ba, ya ɗauke shi daga baya ya kai gaba, bayan 'yan shekaru yaron ya buga wa ƙasa a sabon wurin. Aikin koci ke nan in an tace shi, sanin gurbin mutum kafin shi ya sani. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Danie Craven, wanda ya buga wa Afirka ta Kudu daga 1931 zuwa 1938, ya horar da tawagar ƙasa, ya shugabanci hukumar wasan tun 1956, duk da haka bai bar horar da ɗaliban Stellenbosch ba sai dab da rasuwarsa a Janairun 1993. Filin wasan jami'ar sunansa yake ɗauke da shi, gasar makarantun sakandare ta ƙasar da aka fara a 1964 ma haka. A Coetzenburg, inda filin yake, akwai mutum-mutuminsa na tagulla, tare da karensa Bliksem da ke binsa wurin atisaye. Kare ma ya sami gurbi.

Na faɗi haka da gangan. A shekarar da aka fara gasar Craven, a 1964 ɗin, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar Die Vlakte da ke tsakiyar Stellenbosch a matsayin ta farare zalla. Mutum sama da 3,000 abin ya shafa, mafi yawansu waɗanda dokar ke kira masu launi, unguwa mai makarantu da coci-coci da masallaci. Aka kwashe su zuwa bayan gari, ginin makarantarsu ta Lückhoff ya koma hannun jami'a. Al'ummomin nan na yankin Cape, Musulminsu da Kiristansu, mutanen zari-ruga ne na gaske, da kulob-kulob ɗinsu da gwanayensu. Ba ɗayansu da zai iya sa rigar jami'ar da ke maƙwabtaka da gidansa a wancan zamani, sai a 1981 ma baƙin mutum na farko, Errol Tobias, ya buga wa ƙasar. Craven ne shugaba duk tsawon lokacin. Shi ne kuma, yana tsoho, ya tafi Harare a 1988 ya zauna da wakilan jam'iyyar ANC da ke gudun hijira, abin da ya fusata gwamnatinsa, ya rayu har ya ga an haɗe hukumomin wasan a 1992. Masu yabonsa da masu sukarsa har yau ba su gama ba, ni ma ban iya ajiye shi a wuri ɗaya. Abin da na sani shi ne, jerin mamatan ƙungiya yana faɗin waɗanda suka tashi daga gurbi, ba ya faɗin waɗanda aka hana zama tun farko. Allon a cike yake tsaf, ba alamar an tsallake kowa.

Wani lokaci ƙungiya kan yi ƙoƙarin riƙe abu biyun a lokaci guda, ta cike wurin ta kuma bar shi buɗe. Misalin da ya fi tsaya mini ba na jami'a ba ne, ko da yake sansanin atisayen ƙungiyar, wato Munster, yana cikin Jami'ar Limerick a Ireland. Anthony Foley ya yi wa Munster wasa a lamba 8, na ƙarshe a bayan ture, shi ne kyaftin lokacin da ta ɗauki kofin Turai a 2006, daga baya ya zama babban kocinta. Ranar 16 ga Oktoba 2016 aka same shi ya rasu a ɗakin otal a birnin Paris, sa'o'i kaɗan kafin wasa, yana da shekara 42. An yi jana'izarsa ranar Juma'a, ranar Asabar ga ƙungiyar Glasgow ta iso filin Munster, Thomond Park. Ba a ture da mutum bakwai don ana makoki, dole wani ya sunkuya a inda Foley ya saba sunkuyawa. CJ Stander ne ya tsaya a wurin, amma da lamba 24 a bayansa, rigar 8 ba wanda ya sa ta ran nan. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci alƙali ya ba Keith Earls jan kati saboda wata muguwar kayarwa, Munster ta ƙarasa wasan da mutum 14. An tashi 38 da 17, Munster ce da nasara.